Ƙayar Hajjo

A wancan zamani, idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a Gwandu, ba wanda ke tambayar hanyar asibiti. Gidan Malam Basharu tela ake nufa, a yi sallama a zaure, a ce a faɗa wa Hajjo an kawo mata aiki.

Hajjo ba 'yar garin ba ce. A Kalgo aka haife ta, a gidan Sarkawa na bakin gulbi, kuma ubanta Albarka masunci ne da har yau tsofaffi ke ambatonsa idan ana zancen ruwa. Basharu ya gan ta ne a kasuwar Kalgo, lokacin yana saurayi mai yawo da keken ɗinki a ka. Ya je ɗinke mata zane, ya ɗinke shi a karkace, ya dawo gyara, ya sake dawowa gyaran gyara, har Albarka ya gane ba zane ne ke kawo shi ba. Da aka kawo ta Gwandu, dangin miji ba su yi mata mugunta ba, amma sun yi mata kallo. Gida ne na malamai, masu fura da nono da tarihin kakanni a bakinsu, ga amarya kuma ta zo da kwandon bandar kifi a cikin kayanta. In ta wuce sai ƙannen miji su toshe hanci suna dariya.

Abin da ya ɗaga ta shi ne Gwandawa na son kifi amma ba su iya cinsa ba. Suna auna masa loma kamar tuwo. Shekararta ta biyu a garin, ƙaya ta kama baffan mijinta, dattijo mai limanci a unguwar, ya kwana biyu yana kakari ba ya iya jan salla. Hajjo ta nemi izini ta durƙusa gabansa, ta tambaye shi wane kifi ne, yaushe ya ci, ta ce ya nuna mata wurin da yatsa ɗaya. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta karanta abin da ubanta ya koya mata, ta jiƙa yatsu ta shafi wuyansa daga sama zuwa ƙasa, ta ce ya haɗiye. Dattijo ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, sai ya ce a kawo masa sauran kifin. Daga ranar ba wanda ya ƙara toshe mata hanci. Shekara talatin tana wannan aiki, daga Kambaza ake zuwa, daga Ceberu ake zuwa, ladanta goro ne da addu'a, kuma tana ji da abinta ƙwarai. Kowa a garin ya san maganarta, don ba ta gajiya da faɗi: ƙaya ba ta kama jinin Albarka.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa raga mata ba, Jummai matar Jibrin mahauci, wadda katanga kawai ta raba su. Tsakanin masunta da mahauta akwai wasa tun kaka da kakanni, su kuwa waɗannan biyu sun ɗauke shi kamar aikin gwamnati, ba hutu ba fashi. Jummai na kiranta Mai Ƙarni, Hajjo na kiranta Uwar Ƙuda. Da safe kafin a gaisa an zagi sana'ar juna ta kan katanga, da rana kwanon miya ya tsallaka wannan katangar, da yamma a ci gaba daga inda aka tsaya.

Shekara biyu bayan an yanke jihar Kabi daga Sakkwato, aka yi wani suna a Kambaza, su biyun suka je. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Hajjo ta kai loma ta uku, sai lomar ta tsaya mata a ƙirji. Ba ta shaƙe ba, ba ta yi tari ba, tsayawa kawai ta yi kamar jaki a bakin gada, sai da ta kora ruwa ta wuce. Ta ɗauka ba wanda ya lura. Ina, idon Jummai na kanta.

"Mi nika gani haka, Mai Ƙarni? Ɗiyas Sarkawa da ƙaya ga wuya?"

"Ba ƙaya ba ta," in ji Hajjo. "Tuwon na ad da gauɗa, bai tuƙu ba."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma bayan kwana uku abin ya sake faruwa da ɗan wake, sannan da nama. Kafin wata ya ƙare, labari ya gama Gwandu cewa ƙaya ta kama Hajjo kuma ta kasa cire wa kanta. Jummai wasa ta yi, amma gari bai ɗauke shi wasa ba. Wata ranar kasuwa Hajjo ta ji cewa wani mutumin Ceberu ya wuce ta ƙofar gidansu da matarsa mai ƙaya a wuya, ya shiga mota sai Kalgo. Wannan ya yi mata ciwo fiye da abin da ke ƙirjinta. Ta shiga ɗaki ta yi kukan baƙin ciki, ita da ba a san ta da kuka ba.

Da ta share hawaye sai ta yi wa kanta abin da take yi wa mutane. Wane kifi? Ranar ɗan wake babu kifi. Ina wurin? Mai ƙaya da yatsa ɗaya yake nunawa, gefen hagu ko na dama, ita kuwa tafin hannu take ɗorawa a tsakiyar ƙirji. Mai ƙaya ko miyau ya haɗiya sai ya ji suka, ita miyau da kunu suna wucewa lafiya lau, abu mai tauri ne ke jinkiri. Kuma ƙaya ba ta wata guda a jikin mutum tana zaman lafiya, ko ta fita ko ta ruru. Hajjo ta san ƙaya kamar yadda ta san 'ya'yanta, kuma wannan ba ita ba ce.

Duk da haka Malam Basharu ya matsa ta je gida, ta shirya ta tafi Kalgo wurin yayanta Bawa, wanda ke riƙe da gidan Albarka. Bawa ya saurare ta, ya ɗebo ruwa a ƙoƙo, ya yi mata duk abin da ake yi. Aka kawo tuwo, loma ta tsaya inda ta saba tsayawa. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi tambayar da ta ɓata komai. Gidansu ba a cin kan tarwaɗa, sharaɗin maganin ke nan tun daga kakanni.

"Hajjo, shekara talatin kina cikin mutanen da ba su san ruwa ba. Ko dai kin ci kan tarwaɗa ba ki sani ba?"

"Yaya Bawa, ni kaka tambaya wagga magana? Ni da Baba ya riƙa hannuna yak koya mani tun kana yawon kamun kwaɗi?"

Ba ta kwana ba, ko ruwan gidan ba ta ƙara sha ba. A cikin mota tana huci dabara ta zo mata. Ta taɓa jin cewa a asibitin Birnin Kabi akwai hoto mai ganin ƙashi ta cikin nama. Ƙaya kuwa ƙashi ce. In tana nan hoto zai nuna ta, in babu kowa ya gani da idonsa. Mutanen wancan lokaci ba sa zuwa asibiti sai sun kasa tashi, ita kuwa Hajjo ta je da ƙafarta, da ƙibarta, da kwalli a ido, ba don neman magani ba, don neman shaida.

Aka ba ta wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, ta sha tana yatsina ana ɗaukar hoto. Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce bai ga ƙaya ba, amma ya ga inda farin ruwan ke kaucewa wani ɗan abu, kuma ba shi da na'urar da zai leƙa. Ya rubuta musu takarda zuwa babban asibitin koyarwa a Zariya. Hajjo rabin farko na maganar kawai ta ji. Malam Basharu ne ya ji rabin ƙarshe, kuma tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar tafiya, sai ga Jummai a tasha da ƙullin kayanta da tukunya. Ta ce Jibrin ya ba ta izini, kuma ba mai hana ta zuwa, tana son ta ga ƙayar nan da idonta ranar da za a zaro ta. Hajjo ta ce mota za ta cika da ƙuda, amma ta matsa mata wuri.

A Zariya suka haɗu da Likita Usman, mutum siriri mai magana a hankali. Ya bayyana musu cewa abin da suke kira maƙogwaro hanya biyu ce, ɗaya ta numfashi, ɗaya ta abinci, kuma ta abincin ce zai leƙa. Aka fesa mata magani a baki, aka zura mata wata igiyar roba mai ƙwan fitila a kai, likita ya kafa ido a ɗaya bakin yana kallo, ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero aka kai ɗakin gwaji. Kwana goma suka yi suna jira a gidan wani ɗan'uwan Malam. Jummai na dama kunu tana tsiya, Hajjo na sha tana ramawa, Malam na jan carbi.

Ranar sakamako likita ya zaunar da su ukun. Ya ce ciwon daji ne. Ya ce wani iri ne da ba a cika gani ba, shi kansa a littafi ya san shi sai yau. Yawancin dajin wannan wuri shimfiɗuwa yake yi a ɓoye yana cin bango, kafin mutum ya ji ya riga ya yi nisa. Wannan kuwa tsirowa ya yi ciki kamar ɗan dabino a kan siririn tushe, shi ya sa ya tare loma tun yana ƙarami, kuma ga alama bai kafa saiwa ba. Malam Basharu ya yi salati, carbin ya faɗi daga hannunsa. Jummai ta toshe baki da mayafi.

Hajjo ta gyara zama. "Likita, tsaya in ji da kyau. Ka leƙa da idonka?"

"Na leƙa, Inna."

"Ka ga ƙaya?"

"Babu ƙaya ko ɗaya."

"Alhamdu lillahi." Ta juya ga Jummai fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. "Kin jiya, Uwar Ƙuda? Likita, rubuta mani shi ga takarda."

Likita Usman ya yi shekaru yana faɗa wa mutane wannan magana, bai taɓa ganin wanda ya karɓe ta da murna ba. Ya ɗauka ba ta gane ba, ya fara maimaitawa. Ta ɗaga masa hannu, ta ce ya rubuta tukuna. Ya rubuta, yana murmushin da bai shirya ba, ya ce da kowa na zuwa da wuri kamar ita da aikinsu ya yi sauƙi, ya tambaye ta wa ya ba ta shawara. Ta nuna Jummai ta ce bakin wannan ne.

Da suka fito, a inuwar wata darbejiya, Malam ya kasa daurewa. Ya tambaye ta ko ta san abin da ake kira daji.

"Na san shi, Malam. Shi yad ɗauke gwaggona, ni niy yi jinya tata. Ina jin tsoro, kada ka ga ina dariya. Amma in wanga abu na ajalina, in mutu ɗiyar Albarka, ba wadda anka ce magani ya gudu gare ta ba." Ta kama bakin rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. "Kuma likita ya ce yana ciruwa. Kai ka riƙe rabin nan na ciruwa, ni in riƙe nawa na babu ƙaya."

Kafin aiki aka ce sai an tanadi jini leda uku. Bawa ya iso daga Kalgo da kunya a fuskarsa, ya miƙa hannu, aka gwada, nasa bai yi daidai da nata ba. Na Malam ma bai yi ba. Aka samu na wasu ɗalibai biyu, saura ɗaya. Jummai ta naɗe hannun riga ta ce a gwada na mahauta, tunda na masunta ruwa ne. Ya yi daidai. Ta sa su rantse ba za su faɗa wa Hajjo ba sai ta warke.

Aikin ya ci kusan yini guda. An yanke guntun hanyar abincin da abin ke kai, aka jawo tumbi sama aka haɗa da sauran. Da likita ya fito yana bayani, Malam Basharu, tela har a bakin ɗakin tiyata, ya tambaye shi ɗinki ɗaya ya yi ko biyu, don wurin da ake ja kullum ɗinki ɗaya ba ya riƙe shi. Likita ya ce biyu ya yi. Sai a lokacin Malam ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗi, ba sai an ƙawata su ba. Robobi a hanci da a ƙirji, ba ci ba sha, tari kamar za a tsage ta. Jummai ce ke juya ta, tana goge mata baki da auduga mai ruwa, tana gaya mata cewa ko a nan ƙarni take yi. A rana ta goma aka sake ba ta farin ruwan nan, hoto ya nuna ɗinki bai yoyo. Sannan sakamakon naman da aka cire ya fito: abin bai wuce fatar ciki ba, bakin yankan duka biyu tsaf, kaluluwar da aka ciro babu komai. Likita ya ce ba sai an yi mata gashin daji da na'ura ba, ta dai riƙa zuwa duk wata shida. Za ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida a yini, ta kwana da matashi mai tudu, har ƙarshen rayuwarta. Haka kuwa ta yi, kuma rayuwar ta yi tsawo, don sai da ta ga auren jikokinta.

Ta koma Gwandu a rame, muryarta a dishe, takardar likita a ƙulle a bakin zane. Da yake matan unguwa ba su karatun boko, ta sa Malam ya juya ta da ajami, duk wadda ta zo dubiya sai an karanta mata kafin a ba ta ruwa. Mutane sun yi murna da gaske, sun yarda ba ƙaya ba ce. Amma bakin Jummai bai iya riƙe sirri ba fiye da wata biyu. Wata safiya ta kan katanga, ana cikin tsiya, ta ce wa Hajjo ta rage fankama, jinin mahauta ne ke yawo a jikinta.

Hajjo ta tambayi Malam, ya ce gaskiya ne. Godiya ta cika mata ciki har ba ta san inda za ta sa ta ba, amma tare da ita wani tsoro ya shigo, wanda ta san gari ma zai yi tunaninsa. Maganin na jinin Albarka ne. Yanzu da aka gauraya shi, yana nan ko ya tafi? Tun dawowarta ba a kawo mata kowa ba, ana cewa a bar ta ta huta, ita kuwa ba ta yarda hutun ne kawai dalili ba.

Da likita ya yarda ta fara cin kifi, Bawa ya zo daga Kalgo da kansa, ɗauke da ƙawara sabuwar kamu, kifin da ya fi kowane kifi ƙaya a gulbin. Wannan ce ban-haƙurinsa, kuma ta gane. Aka dafa, matan unguwa suka cika tsakar gida da hantsi, wai sun zo taya murna, alhali kowa ta zo kallo ne. Hajjo ta ɗauki tsoka, ta bi ta da harshe yadda aka koya mata tun tana yarinya, ta zare ƙayoyi uku ta jera a bakin kwano, ta haɗiye. Lomar ta tafi sumul, ba ta gaishe da kowa a hanya ba. Kusan shekara rabonta da jin haka, har idonta ya kawo ruwa.

Jummai ta ce ai jininta ne ya gyara hanyar, ta kai hannu ta dumbuzi kifi ta jefa baki tana dariya. Dariyar ta tsinke a tsakiya. Ta zaro ido, ta kama wuya, ta fara kakari. Mata suka ɗauka wasa ne, sai da suka ga hawaye. Duk ido ya koma kan Hajjo.

Hajjo ta ce a ba ta ƙoƙo da ruwa. Kifin ta san shi, lokacin ta gani, sai ta ce wa Jummai ta nuna wurin, Jummai ta nuna gefen hagu da yatsa ɗaya. Hajjo ta karanta abin ubanta da disasshiyar muryarta, ta jiƙa yatsu ta ɗora a wuyan. A ƙarƙashin yatsunta ta ji jijiya na bugawa da sauri, ta tuna wannan jinin ne ke buga mata a nata wuyan. Ta shafa daga sama zuwa ƙasa, a hankali.

"Haɗiye, 'yar'uwata."

Jummai ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, mata suka ɓarke da guɗa, Bawa daga zaure yana tambayar me ya faru. Amma Jummai ba ta saki hannun Hajjo ba, ta riƙe shi a wuyanta tana kallonta.

"Mi kic ce mani?"

"Kin jiya," in ji Hajjo. "Ba ni maimaitawa gaban mutane."